Zaki Ba Ya Tauna: Nazari A Kan Haƙora Da Makaman Farautar Sarkin Dawa

Gabatarwa

Babu dabbar dawa da sunanta ya zauna a bakin Bahaushe kamar zaki. Idan sarki ya fito, da "Zaki!" fadawa suke tarbarsa. A tatsuniya shi ne sarkin dawan da Gizo yake yi wa wayo. Makaɗan fada da na maza kuwa ba su da abin kwatanta gwaninsu da ya wuce shi. Amma da za a tsayar da mu ɗaliban harshe a ce mu bayyana da Hausa yadda bakin wannan dabba yake, da yadda take samun abincinta, da yawanmu ba za mu wuce jimla biyu ba: yana da ƙarfi, yana da haƙora masu kaifi. Shi ke nan.

Abin da ya jawo wannan rubutu wani aikin fassara ne da aka ba mu a aji, wani ɗan guntun bayani a kan namun daji. Kusan dukkanmu muka rubuta cewa zaki "yana tauna nama da fiƙoƙinsa masu kaifi". Ta fuskar nahawu jimlar ba ta da aibi. Aibinta a ma'ana yake, kuma kuskure uku ne a cikinta: zaki ba ya tauna, ba da fiƙa yake cin nama ba, sannan fiƙar tasa ba kaifi gare ta ba. Ni dai ba a littafi na fara gane haka ba. A Lugbe na gani, wajen wasu mahauta da ke kusa da inda nake zaune. An jefa wa wata kyanwa guntun nama mai jijiya. Maimakon ta ci da gaban baki, sai ta karkatar da kai, ta kai naman can gefen muƙamuƙi, ta datsa sau biyu ko uku, ta haɗiye. Da ta gaji da wannan gefen sai ta juya ɗayan. A wurin masana dabbobi kyanwa da damisa da zaki 'yan gida ɗaya ne. Yawan haƙoransu ɗaya, tsarinsu ɗaya, girma ne ya raba su. Ke nan wanda yake zaune a Lugbe ko Gwagwalada, inda ba a jin rurin zaki, yana da ƙaramin misalinsa a tsakar gida.

Wannan maƙala za ta bi makaman zaki tun daga baki har dagi, tana duba aikin kowane da kuma kalmar da Hausa ta tanadar masa. Kafin nan ina roƙon masu buga mana rubutu su kula da ƙugiya. Zaki daban, zaƙi daban, kamar yadda haƙori ba haƙuri ba ne.

Haƙora talatin

Babban zaki yana da haƙora 30. Mutum yana da 32, kare kuwa 42. Wato sarkin dawa bai kai ɗan'adam yawan haƙora ba, balle karen gida. Wannan ƙaranci ba nakasa ba ne. Da yake haƙoran ba su da yawa, muƙamuƙin zaki gajere ne idan aka kwatanta da na kare, kuma duk wanda ya taɓa riƙe awartaki ya san cewa ƙarfin matsi yana kusa da mahaɗa. Gajartar fuska ita ta kawo fiƙa kusa da mahaɗar muƙamuƙi, ta ƙara wa cizon nauyi.

Haƙoran gaba 12 ne, shida a sama shida a ƙasa. Ƙanana ne, a jere suke kamar a layi. Da su yake tsige gashi ko fata, da su yake tsintar ragowar tsoka a jikin ƙashi, da su kuma yake sosa jikinsa. Ba su ne abin tsoro ba.

Abin tsoron su ne fiƙoƙi huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ta sama a bakin babban namiji takan kai kusan santimita 7, wato tsawon ɗan yatsan mutum, ban da dogon sashen da yake binne a cikin ƙashi yana riƙe da ita. A nan ya kamata mu tsaya a kan kalmomi biyu da muke yawan cakuɗawa, wato kaifi da tsini. Wuƙa da aska su ne masu kaifi, domin gefensu ne yake yanka. Allura da mashi da ƙaya su ne masu tsini, domin bakinsu ne yake huda. Fiƙar zaki tana cikin aji na biyu. Kauri gare ta, kusan a mulmule take, ta tafi tana sirancewa har ta ƙare da tsini. Da a ce faffaɗa ce mai kaifi kamar wuƙa, da ranar da ɓauna ta fizge da ƙarfi ta karye. Ita kanta kalmar tana tuna mana da aikatau "fiƙe", kamar yadda yaro yake fiƙe fensir ko maharbi ya fiƙe itace har ya yi tsini. Akwai kuma "haure", wanda a Kano aka fi ji a hauren giwa, amma a wajen Sakkwato da ƙasar Nijar za ka ji an kira haƙori kowane iri da shi. Mai fassara sai ya san wa yake yi wa rubutu.

A bayan fiƙa akwai fili da babu haƙori. Shin wushirya za mu kira shi ko giɓi? Giɓi gurbin haƙorin da ya faɗi ne, wannan kuwa halitta ne, don haka ya fi kusa da wushirya, duk da cewa wushiryar da muka sani a tsakiyar haƙoran gaba take, kuma ado ce. Ta zaki aiki take yi. Ita ke ba fiƙa damar nutsewa har gindinta a jikin abin da aka kama, ba tare da wani haƙori ya tokare ba.

To, ta yaya fiƙa take kisa? Idan ƙaramar dabba ce kamar gada ko ɗan gadu, zaki yakan cije ta a ƙeya, fiƙar ta shiga tsakanin gaɓoɓin ƙashin wuya ta katse lakar. Nan take zance ya ƙare. Idan babba ce kamar ɓauna ko gwanki, wuyan ya yi kauri da yawa. Sai ya kama maƙogwaro ya matse, ko ya haɗa hanci da baki ya rufe da nasa bakin, ya riƙe har numfashi ya ɗauke. Wannan yakan ɗauki mintoci da dama. Saboda haka aikatau da ya dace da yawancin kisan zaki shi ne "shaƙe". Sau da yawa ma ba a ganin jini mai yawa a wuyan dabbar. Masu zane da suke cika hoto da jini tun dabbar tana tsaye, ba su taɓa ganin abin ba.

Me ya sa ba za a ce yana tauna ba?

Haƙoran da suka rage guda 14 ne, takwas a sama shida a ƙasa. A bakin mutum irin waɗannan na baya su 20 ne, kuma Hausa tana kiransu turame ko matauna. Duba sunayen nan biyu da kyau. Turmi abin daka ne. Matauni kuwa an gina shi ne kamar yadda aka gina mabuɗi da magirbi da masassabi, wato an ɗauki aikatau "tauna" an yi masa ɗafa-goshi na "ma-" da ɗafa-ƙeya na "-i" ya koma sunan kayan aiki. Duka sunayen biyu suna nuni da haƙori mai faɗin kai wanda ake niƙa abinci a kansa. Zaki ba shi da irin wannan haƙori. Nasa na baya sirara ne, masu tudu-tudu da kaifi a gefe. Mafi girma a cikinsu guda huɗu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a kowane gefe. Idan ya rufe baki ba sa hawa kan juna kamar namu. Na sama yana gogar na ƙasa ya wuce ta gefensa, daidai yadda bakin almakashi biyu suke haɗuwa. Gogayyar nan kuma tana wasa su, ko da yaushe suna da kaifi. Ni a ganina "haƙoran almakashi" shi ne sunan da ya fi dacewa da su. Wanda yake son kalma guda yana iya ƙera "mayanki" a kan waccan ƙa'ida ta matauni, amma ya yi hattara da jam'insa, kada mai karatu ya zaci mayankar dabbobi ake nufi.

Ba haƙoran kaɗai ba, mahaɗar muƙamuƙin ma ba ta yarda da tauna ba. Ku lura da akuya ko raƙumi idan suna tuƙa, za ku ga muƙamuƙin ƙasa yana zuwa dama da hagu kamar ana niƙa a dutse. Na zaki sama da ƙasa kawai yake yi, kamar ƙyauren da yake buɗewa ya rufe ta hanya ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa kyanwar mahautan Lugbe ta karkatar da kai, tana kai naman ga almakashinta ne. Haka zaki yake yi a kan gawar ɓauna, ya datso tsoka, ya haɗiye ta dunƙule, sauran aikin ciki ne zai yi. Nama ba ya bukatar niƙa kamar ciyawa ko hatsi. Da wannan, ga yadda ya kamata jimlarmu ta aji ta kasance: zaki yana kama dabba da fiƙoƙinsa masu tsini, ya datsa namanta da haƙoran gefe masu kaifi, ya haɗiye.

Almakashi ba ya fasa ƙashi. Zaki yakan gwagwiyi haƙarƙari da kan ƙasusuwa masu taushi, amma manyan ƙasusuwa sai ya bar su. Kura ce take da haƙora masu kauri kamar guduma, ta fasa ƙashi ta cinye har ɓargo, shi ya sa kashinta idan ya bushe yake yin fari. Kuma tun da an ambaci kura, a yi mata adalci. Tatsuniya ta mayar da ita matsoraciya mai jiran ragowa, alhali binciken da Hans Kruuk ya yi a Ngorongoro ta ƙasar Tanzaniya, wanda aka buga a 1972, ya nuna kuraye suna farautar mafi yawan abincinsu da kansu, kuma sau da yawa zakuna ne suke zuwa su ƙwace.

Harshe da dagi

Wanda kyanwa ta taɓa lasa a hannu ya ji kaushin harshenta. Harshen zaki haka yake, sai dai kaushin ya ninka. A lulluɓe yake da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa zuwa maƙogwaro, an yi su da irin abin da aka yi farce da shi. Da su yake kankare tsoka daga ƙashi, ya kuma taje gashinsa.

Ƙafar zaki da ta damisa da ta kyanwa tana da suna na musamman a Hausa, wato dagi. Kalma ɗaya ce da wadda muke kiran tambarin nan na Arewa da ita, wanda ake yi wa riga da bangon gida ado da shi. A dagin gaba akwai farata biyar, a na baya huɗu, jimilla 18. Bakano zai ce farce ko ƙumba, Basakkwace da Bakatsine su ce akaifa. Abin lura shi ne faratan nan a noƙe suke a cikin kube na fata muddin zaki yana tafiya ko yana kwance. Wata jijiya mai talewa ce take riƙe da su a ciki, ba tare da ya yi wani ƙoƙari ba. Ƙoƙarin yana wajen zaro su. Amfanin haka biyu ne: ba sa taɓa ƙasa balle su dakushe, kuma ba sa ƙara idan yana sanɗa, sai tattausan tafin dagin ne yake sauka. Daga nan ne maharba suke bambanta sawu. Na kura da na kare suna nuna alamar farata a gaban yatsu, na zaki kuwa ba ya nunawa. Farce na biyar a dagin gaba yana can sama ta ciki, a gurbin babban yatsa, ba ya ma kaiwa ƙasa. Shi ne ƙugiyar da yake maƙala wa dabbar da take gudu, kuma da shi yake danne nama idan yana ci.

Ƙarfin zaki a ƙirji da kafaɗu da hannuwa yake. Babban namiji yakan kai kilo 150 zuwa sama da 200, zakanya kuwa ba ta kai haka ba. Yakan ɗare wa dabba ta baya ko ta gefe, ya kafa farata, ya yi amfani da nauyinsa ya kayar da ita. Sai ta kai ƙasa sannan baki yake fara nasa aikin.

Sanɗa ta fi gudu

Idanun zaki duka biyu a gaba suke, don haka yana iya auna nisan abin da yake hari. Na barewa a gefen kai suke, domin ita bukatarta ta hango mai zuwa ta kowace fuska. A bayan idonsa akwai wani shimfiɗaɗɗen abu mai mayar da haske kamar madubi, shi ne yake sa idon kyanwa ƙyalli idan fitilar mota ta haska ta, kuma shi ne yake ba su gani a duhun da mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Bambanci ɗaya shi ne ƙwayar idon kyanwa takan tsuke ta koma kamar tsaga da rana, ta zaki kuwa a zagaye take tsukewa. Mafi yawan farautarsa da dare ne ko da asuba. Da rana kwanciya yake yi, hutunsa yakan kai awa 20 a yini.

Inda zaki yake da rauni shi ne dogon gudu. Zuciyarsa ƙarama ce a kan girman jikinsa, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, alhali ta kura ta kusa cika kashi ɗaya. Yana iya zabura da gudu mai tsanani, amma na ɗan taƙi ne, idan bai cim ma dabbar ba sai ya haƙura. Saboda haka dole ya yi sanɗa, ciki a ƙasa, launin jikinsa ya saje da busasshiyar ciyawa, har ya matso kamar taku 30 ko ƙasa da haka. Ko kuma ya yi kwanton ɓauna a mashaya. Dubi yadda harshe yake, ɓauna ce ta ba mu wannan salon magana, ga shi ita ake yi wa.

Kada a ɗauka kullum yana dacewa. George Schaller, wanda ya zauna da zakunan Serengeti daga 1966 zuwa 1969, ya gano cewa zaki ɗaya yana cin nasara ne a kusan farmaki ɗaya cikin shida, idan kuwa suna da yawa sai ya koma kusan ɗaya cikin uku. Ya kuma lura ba sa kula da inda iska take kaɗawa, abin da ko ɗan koyon harbi ya san yana tona asiri. A dajin Etosha na Namibiya kuwa, Philip Stander ya nuna a 1992 cewa zakanyu suna raba aiki kamar 'yan ƙwallo, wasu su zagaya ta gefe su koro dabba, wasu su kwanta a tsakiya suna jira, kuma kowace takan riƙe gurbin da ta saba. Idan an dace, namiji yana iya cin kilo 30 a zama ɗaya, domin bai san ranar da za a sake samu ba.

Abubuwa biyu da mawaƙa suka fi so a jikin zaki, wato geza da ruri, babu ko ɗaya da yake makamin farauta. Geza ta nuna isa ce ga sauran maza da jan hankalin mata, a wajen sanɗa ma tona shi take yi. Ruri, wanda ake iya ji daga nisan kilomita 8, sanarwa ce ga 'yan'uwa da abokan gaba cewa wurin nan da mai shi. Mai farauta shiru yake yi. Gurnani kuwa daban ne, shi ne ƙaramar muryar gargaɗi da yake yi idan an matso kusa da abincinsa.

Idan fiƙa ta karye

Ɗan zaki yana fara rayuwa da haƙoran nono 26. Yakan soma ɗanɗana nama yana da wata uku, ya yi famfara tsakanin ƙarshen shekararsa ta farko da farkon ta biyu, amma ba ya iya ciyar da kansa sosai sai ya kusa shekara biyu. Daga nan haƙoran da ya samu su ne nasa har mutuwa. Suna yin rawaya, tsininsu ya dakushe, wani lokaci harbin kofato ya karya ɗaya. Masana suna kimanta shekarun zaki daga haƙoransa, kamar yadda dillalin shanu yake buɗe bakin sa a kara. A daji da wuya namiji ya wuce shekara 12, a gidan zu kuwa, inda ake kawo masa yankakken nama, yana iya haura 20.

Labarin da ya fi nuna muhimmancin fiƙa ya faru ne a Kenya a 1898, lokacin da Turawan Ingila suke gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin Tsavo. Wasu zakuna maza biyu marasa geza suka dinga shiga sansanin leburori da dare suna ɗauke mutane, har aikin ya tsaya. Injiniyan aikin, John Henry Patterson, ya harbe su a watan Disamba na wannan shekara, daga baya ya ce sun ci mutum 135. Fatunsu da ƙoƙon kawunansu suna wani gidan tarihi a birnin Shikago na Amurka. Binciken da aka yi a kan gashinsu da ƙashinsu a 2009 ya rage adadin zuwa kimanin mutum 35. Wanda ya fi cin mutanen a cikinsu kuwa an ga fiƙarsa ta ƙasa a karye, da ƙurji a gindinta. Wani nazari na 2017 ya ƙarfafa ra'ayin cewa wannan ciwo yana cikin abin da ya sa shi barin manyan namun daji. Zakin da ba zai iya matse maƙogwaron ɓauna na mintoci ba, dole ya nemi abin da ba ya harbi kuma ba shi da ƙaho. Haka tsofaffi da masu rauni suke yawan komawa kan shanu da awakin makiyaya.

Ina namu zakunan?

A 2014 aka buga sakamakon wani dogon bincike da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya kimanin 400 ne, a wurare huɗu kacal. Mafi yawansu suna cikin dazuzzukan da suka haɗa iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso. Sauran suna Niokolo-Koba ta Senegal, sai wurare biyu a Nijeriya, wato dajin Kainji da na Yankari a jihar Bauchi, waɗanda duka biyun a lokacin ba su haɗa zaki 50 ba. A 2015 aka sa su cikin jerin dabbobin da suke dab da ƙarewa. Gungunsu ƙanana ne, mazansu ba su cika geza ba, kuma binciken jini ya nuna sun fi kusa da zakunan dajin Gir na Indiya a kan na Serengeti. Abincinsu sunaye ne da kakanninmu suka sani sarai: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mariya, mazo, gadu. Ɗalibai nawa ne a cikinmu za su iya bambanta kanki da gwanki a hoto?

Wanda ya samu zuwa gidan zu na Audu Bako a Kano, ya yi ƙoƙari ya dace da lokacin ba da abinci, ya tsaya ya ga ta wane gefen baki naman yake shiga. Ya tsaya a bayan shinge dai, domin a watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan, kafin a shawo kansa ya faɗa wa awakin da ake ajiye da su. Wanda kuma zai je gida hutu, ya nemi tsohon maharbi ko sarkin bakan garinsu da takarda da biro, ya tambaye shi yadda suke kiran fiƙa da dagi da farcen nan na biyar a karin harshensu, da kirarin da suke yi wa zaki idan sun ga sawunsa. A kawo abin da aka samo, mu kwatanta a fitowa ta gaba.